Dutsen da Baba Ya Adana

Birkila na tsaye a kusurwar fulotin da igiyar awo a hannu, yana ta dube-dube a ƙasa kamar wanda ya yar da allura, lokacin da Maman Biyu ta sauko daga tasi. Leburori sun jingine shebur suna hira. Ga yashi da tsakuwa a jibge, ga ramin harsashin gini an haƙa ɓangare uku, saura na huɗu, wanda ya yi iyaka da filin maƙwabcinta mai kyamis.

"Anti, ina dutsen?" in ji Birkila, ko gaisuwa babu.

"Wane dutse?"

Ya nuna mata da ƙafa. Tun ranar da ta sayi filin akwai dutsen iyaka a wurin, wani guntun kankare mai lamba a ka da ƙusar ƙarfe a tsakiya. Yanzu babu komai sai ƙasa a baje da sawun tayar tifa. Turakun nan masu jan fenti da ofishin filaye ya kafa kewaye da shi duk sun kakkarye.

Ta san dokar sarai. Ranar da aka ba ta izinin gini sai da safiyo ya biya mata ita kamar karatun 'yan aji ɗaya: ba a tono kusa da dutsen, ba a ɗora masa gini, ba a jibge masa yashi, kuma ba mai gusar da shi sai safiyon hukuma. Idan ya ɓata ko ya goce, a kai rahoto, aiki ya tsaya har a sake kafa shi. Wanda ya cire shi da hannunsa kuwa, sai ya yi bayani a ofis.

"Uwata! Zo nan, zo ki gani."

Mahaifinta ne ke kiranta daga bakin rumfar kwanon da ake ajiye siminti, yana yafito ta da hannu, bakinsa har kunne.

Rabon da ta ga wannan fara'a a fuskar Baba tun kafin ta ɗauko shi daga gidansa. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai surutu da ba'a, wanda duk layinsu ba wanda bai sa wa suna ba. Bara ya zame a banɗaki, yana kwance shi kaɗai har sai da maƙwabci ya ji nishinsa ta katanga. Daga asibiti Maman Biyu ba ta yi shawara da kowa ba, ta garƙame gidan, ta zura makullin cikin nata, ta kawo shi gidan da take haya. Ta ba shi ɗaki mafi kyau, da katifa sabuwa, da rediyo. Baba ya yi godiya, ya zauna a bakin gado, daga nan bakinsa ya mutu. Abinci sai an yi da gaske, magana sai an tambaye shi. Tana bisa keken ɗinkinta tana jin shirunsa ta bango, abin yana cin ranta.

Da aka fara ginin nan ne wata rana ta ce masa, don dai ya sami abin yi, "Baba, ko za ka riƙa zuwa kana sa min ido? Musamman dutsen iyakar nan, an ce kada abin da ya same shi." Shi ke nan fa, Baba ya sami aiki. Kullum shi ne na farkon zuwa, da kujerarsa ta roba da sandarsa. Ya raɗa wa kowane lebura suna, ya koma cin abinci har da neman ƙari. Ba abin da take tsoro yanzu kamar ya koma bakin gadon nan.

A cikin rumfar, Baba ya yaye wani buhun siminti da ba kowa a ciki. Ga dutsen nan kwance a kan kwali, an wanke shi tas, har lambar tana sheƙi.

"Jiya da yamma na ji Birkila na cewa tifa za ta kawo tsakuwa da sassafe," in ji shi. "Ni kuwa na san direbobin yanzu, ribas ma da ƙyar suke yi. Na ce wallahi ba a gabana ba. Na ari diga na tone shi a hankali, ko ƙwarzane bai yi ba. Je ki ga inda ya bi da tayarsa, kan wurin sak! Da yanzu gari ne."

Maman Biyu ta dubi hannuwansa, duk sun yi kanta saboda digar, tausayi da takaici suka kama ta lokaci guda.

"Sannu, Baba," ta ce. "Ka yi ƙoƙari. Rufe shi tukuna, ka zauna ka huta."

Birkila, wanda ya leƙo ta bayanta ya ga komai, ya ja ta gefe yana danne dariya.

"Anti, abin ai mai sauƙi ne. Dutse na nan lafiya. Mu tona rami mu mayar da shi, mu dama ɗan siminti mu shafa masa ƙasa, wa zai sani? Ni na san wurin, idona ma'auni ne."

"Nuna min wurin."

Ya taka ya je ya dangwala ƙafa. Ya ja baya ya karkata kai, ya matsar da ƙafar kamar taki guda. Wani lebura ya ce a'a, ya fi nan kusa da titi. Wani ya rantse cewa yana daidai da inuwar falwayar lantarki, aka tambaye shi inuwar safe ko ta yamma, ya koma wajen shebur ɗinsa.

"To ko ma dai ina ne, tsakanin nan da nan ne," in ji Birkila. "In kika kira ofis, aiki ya tsaya. Ga hadari kullum yana haɗuwa, ruwa ɗaya zai rufta mana ramukan nan. Kuma za su tambayi wanda ya cire shi. Kina so a ja tsoho zuwa ofis?"

Wannan ta ƙarshen ce ta kama ta. Tana tsaye tana juya maganar sai ga mai kyamis ya tsaya da babur ɗinsa, da farar rigarsa ta shago.

"Maman Biyu, an tashi lafiya? Yau za a ja layin namu ko? Ni ba sai na tsaya ba, shago ba kowa. Duk inda kuka ɗaura igiya a kan dutsen, daga nan ni ma zan tayar da katangata. Na bayana ma jira yake in gama ya auna daga tawa." Ya ɗaga wa Baba hannu daga nesa. "Tunda Baba na wurin ai ni hankalina kwance yake."

Ya ba babur wuta ya tafi. Maman Biyu ta bi layin filayen da kallo, fuloti bayan fuloti har can inda titi ya karya. Ita tela ce, ta san abin da ke faruwa idan aka kuskure yankan farko: kowane ɗinki da ya biyo baya sai ya karkace, kuma ba a ganewa sai an sa rigar a jiki. Ta ciro waya ta kira ofishin filaye. A ranta ta shirya abin da za ta faɗa: tifa ta bi ta kan wurin, dutse ya ɓata. Ko ba komai rabin maganar gaskiya ce.

Rana ta take sosai kafin safiyo ya iso. Mutum ne mai ɗan tumbi da hular rana, da ganinsa ka ga wanda ya gaji da rigimar iyaka. Ya tsuguna ya duba sawun tayar, ya tona ƙasar da ɗan yatsa.

"Malama, tifa ba ta haɗiye dutse," ya ce. "In ta taka shi, kansa zai fashe, amma gindinsa na nan a ƙasa da ƙusarsa, mu kuma shi muke nema. Nan ba gindi ba ɓaraguzai. Ba ni lambar motar, direban zai yi mana bayani."

Ba ta yi tunanin direban ba sam. Tana laluben abin da za ta ce sai ta ji takun sanda a bayanta. Baba ne, ya rungumo dutsen a ƙirji da hannu ɗaya, yana haki, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

"Ranka ya daɗe, kai ne na hukuma? To ga amanarku. Ba direban da ya taɓa shi, ni na riga shi."

Safiyo ya dubi dutsen, ya dubi Baba, dariya ta ƙwace masa. Leburori da ma kamar jira suke, suka fashe gaba ɗaya. Baba ya fara tayawa, a zatonsa ta yabo ce, sannan ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, dariyar tasa ta tsaya.

Safiyo ya lura, ya gyara murya ya karɓi dutsen da hannu biyu.

"Yi haƙuri, Baba. Ka ga, shi wannan kankare ne kawai, ko Birkila zai zuba maka irinsa kafin ka sha ruwa. Wurin da yake zaune shi ne abin. Muddin yana wurinsa, shi ke gaya wa kowa inda nasa ya tsaya. Da ya tashi daga nan, ko a cikin akwati aka sa shi, ba ya gaya wa kowa komai."

"Ko an mayar da shi?" in ji Baba.

"Mayar da shi da ka ma ya fi cirewar muni, don kowa zai yarda da shi alhali ƙarya yake yi. Sai mun kawo na'ura mun auno daga sauran duwatsun layin, mu zuba sabo." Ya juya ga Maman Biyu. "Aiki ya tsaya har sai mun zo. Zancen ofis kuma..."

"Filina ne," ta katse shi. "Ni na sa shi gadi ban yi masa bayani ba. Ni zan zo."

Safiyo ya ɗaga kafaɗa. Ya karɓi guduma a hannun Birkila, ya ajiye dutsen a ƙasa, ya ce doka ce, ba a barin lamba ɗaya a kan dutse biyu. Ya daki kan har lambar ta farfashe. Kowane bugu sai Baba ya ƙifta ido.

Leburori suka tattara kayansu suka watse, Birkila na ta gunaguni yana kallon sama. Wurin ya yi tsit. Baba ya koma kan kujerarsa ta roba a bakin rumfa, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, irin zaman nan na bakin gado da ta tsana. Ta jawo bulo ta zauna kusa da shi.

"Baba, kada ka sa abin a ranka. Kwana kaɗan ne za su zo su gyara. Ai don kada wani abu ya same shi ka yi."

Ya dubi dutsen da ke yashe cikin ƙasa.

"Haka ne," ya ce. "Na wanke shi ma. Na shimfiɗa masa kwali." Ya ɗan yi murmushi ba tare da ya dube ta ba. "Ni ma ai don kada wani abu ya same ni kika ɗauko ni, Uwata. Katifar tana da laushi, ban ce ba ta da shi ba."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori, shi ya sa maganar ta shige ta sosai. Ta tuna ƙofar gidansa da safe, yadda masu wucewa ke tsayawa a yi ta musu da shi a kan hanya da mota da tsadar kaya, yadda in an yi rigima a layin shi ake kira. A gidanta kuwa ba wanda ya san shi sai a matsayin tsohon da ke ɗakin baya. Ta tuna kuma banɗakin, da nishin da maƙwabci ya ji, tsoron ya taso mata sabo fil. Bai tafi ba, kuma ta san ba zai tafi ba.

Ta buɗe jaka ta ciro tarin makullanta. Na gidan Baba na can tsakanin na shago da na keken ɗinki, ya fara tsatsa. Ta sa farce tana ɓanɓare zoben, yana ƙi, har farcen ya tsage kafin makullin ya fito. Ta kamo hannunsa mai kanta ta sa masa a tafi.

"Sai an sa ƙarfen riƙewa a banɗakin," ta ce. "Kuma kullum sai na kira, in ba ka ɗauka ba ka gan ni."

Baba ya damƙe makullin. Bai yi godiya ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya nuna fasasshen dutsen da kan sandar.

"Ɗauko min wannan mu tafi da shi," ya ce. "Ƙofar zauren nan tawa iska na yawan buga ta."