Watanni Ukun Maidaji

Takardar ta kwana huɗu a aljihun Isufu, har gumi ya fara cin rubutun. Ƙaninsa Abdulrasheed ne ya aiko ta daga gida ta faks. Sunaye biyar ne a jere, kowane da shekarun da ya yi a kujera: mutanen da suka wakilci ƙaramar hukumar Rafin Gawo a majalisar dokokin jiha tun daga 1979. Na biyar ɗin shi ne Abdulrasheed da kansa, wanda yake kan kujerar yanzu. Ya gina sabon ofishin mazaɓa, yana son a sassaƙa sunayen a allon tagulla a kafa a bakin ƙofa, kuma an ce masa babu inda ake wannan aiki kamar Guangzhou ta ƙasar Sin.

Isufu ba ɗan siyasa ba ne. Takalma yake saye a kasuwar Zhanxi Lu ta Guangzhou yana aikawa gida, sau uku a shekara. Bana tafiyar ta yi masa nauyi. Saboda wasannin Olamfik an tsananta biza, wata ɗaya aka ba shi babu ƙari, 'yan sanda kuma suna tsayar da baƙi a bakin kasuwa suna duba fasfo. Kwana shida suka rage masa, ranar Laraba za a rufe kwantena. In allon zai shiga, yau za a ba da aikin.

Abin da ya hana shi bayarwa shi ne ya ƙirga sunayen, ya san shida ne ba biyar ba.

Rafi ne ya raba Rafin Gawo biyu, Tudu da Fadama, kujerar majalisa kuma ɗaya ce. Tun farko dattawa suka yi alkawarin karɓa-karɓa, wannan ya yi, wancan ya yi. Tudu ta fara a 1979. Fadama ta karɓa a 1983 da wani mutum Alhaji Maidaji, wanda aka rantsar a watan Oktoba, sojoji suka rushe majalisar kafin Disamba ta fita. Daga nan Tudu, Fadama, Tudu, sai Fadama kuma da Abdulrasheed. Uku da uku ke nan, zaɓe mai zuwa na Tudu ne. Amma in aka cire Maidaji, Tudu ta yi uku Fadama biyu, Abdulrasheed ya sami hujjar neman zango na biyu. Sunan Maidaji ne babu a takardar.

Shagon masu sassaƙar yana wani lungu a bayan tashar jirgin ƙasa, cike da kofuna da lambobin yabo. Harouna ne ya raka shi, mutumin Maraɗi mai sayen atamfa a kasuwar Canaan, wanda ya fi shi jin Sinanci. Mai shagon, wata mata da tabarau rataye a wuya, ta karɓi takardar ta auna layukan da yatsa, ta yi magana da sauri.

"Lawban ta ce jibi ta gama," in ji Harouna, yana nufin mai shagon. "Ta ce ka duba da kyau. Tagulla ba takarda ba ce, in an yanka an yanka."

"Ce mata ta ɗan ba ni lokaci."

"Alhaji, jiya ma lokaci ka nema. Ku 'yan Najeriya, sunan depite guda, ɗan majalisa kawai, ya hana ka cin abinci? Mu da muka ga sojoji sun kwashe namu sau nawa, ko sunayensu ba mu riƙe ba."

"Shi ya sa kuke barci da kyau."

"Wallahi kuwa."

Isufu ya fita bakin shagon ya zauna a kan wani kwali. Ƙarfe uku na rana, iska ba ta motsi, riga ta manne masa a baya. A gida ƙarfe takwas na safe ne. Ya kira ƙaninsa.

"Yaya, an fara aikin?" in ji Abdulrasheed.

"Honarabul, ka manta da mutum ɗaya."

"Ban manta ba. Wata uku ai ba zango ba ne, Yaya. Ko kujerar bai ɗumama ba."

"Ni nake kai shi. Kullum ƙarfe tara ina ajiye shi a ƙofar majalisa."

"Na sani, kai ne direbansa, duk gari an sani. Amma tuƙi ka yi, ba lissafin zango ba. Kuma ba don kaina nake yi ba. Asibitin Fadama ya kai rabi, in Tudu suka karɓa jemagu ne za su tare a ciki, kai ma ka sani." Ya sassauta murya. "Na je har gida na gaishe shi. Ya ce ya yafe. Kira shi ka ji da kunnenka."

Isufu bai musa maganar asibitin ba, domin gaskiya ce. Ya nemo lambar Barira, 'yar Maidaji da ke kula da shi tun da idanunsa suka mutu. Ta gaishe shi, ta tambayi hanya, sannan ta kara wa tsohon wayar a kunne.

"Wane Isufu? Isufu direba?" Muryar ta tsufa ƙwarai. "An ce kana ƙasar Sin. Har yanzu kana taka burki in ka hango kaza?"

"Na daina tuƙi, Baba. Yanzu takalma nake tuƙawa."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa, Isufu ya faɗa masa abin da ke hannunsa.

"Yaron ya zo," in ji Maidaji. "Na ce masa a cire. Me na yi a wata uku? Sau ɗaya na tashi na yi magana a zauren nan, kan gadar rafi, ga shi har yau da kwalekwale ake hayewa in damina ta yi ƙarfi. Allon ma ba ganinsa zan yi ba. Na yafe, Isufu. A bar yaran nan su yi abinsu, na gaji."

"Baba, ka tuna taron gindin gawo?"

"Na tsufa da tune-tune. Ka gaida mutanen Sin."

Barira ta karɓi wayar ta ce Baba zai karya, a yi haƙuri.

Isufu ya zauna da wayar a hannu yana kallon masu tura kwalaye a kan amalanke. Shi bai manta taron ba. Da aka dawo da siyasa a 1992, mutanen Fadama sun zo da wannan maganar dai, cewa wata uku ba zango ba ne, a ba su su sake. An kusa zare sanduna. Maidaji ya miƙe a gaban kowa, Isufu na tsaye a bayansa riƙe da laima, ya ce: "An rantsar da ni da Alƙur'ani, na zauna, na amsa sunan wakilinku. Ko kwana ɗaya na yi, Fadama ta yi. Juyin Tudu ne." Mutanensa suka yi shekara ba sa gaishe shi. Wakilin Tudu da ya shiga, shi ma bai cika shekara biyu ba sojoji suka sake zuwa, kuma Tudu ba ta ce a sake mata ba, saboda maganar Maidaji. Duk zaɓen da aka yi lafiya tun daga ranar, a kan wannan magana ya tsaya.

Yanzu ga mutumin ya ce ya yafe. Isufu ya jujjuya abin a ransa. Mutum yana yafe gonarsa, yana yafe marin da aka yi masa. Amma watanni ukun nan nasa ne shi kaɗai? Mutanen Tudu sun jira a kansu, sun kuma haƙura da nasu guntun zangon a kansu. Kuma wanne Maidajin zai bi, wanda ya miƙe a gindin gawo, ko wanda ake kara wa waya a kunne? Ya ga kamar rashin kunya ne direba ya fi maigidansa riƙe maganarsa. Ya kuma ga cewa in ya miƙa takardar yadda take, ba Abdulrasheed ne ya cire sunan ba, shi ne, da hannunsa, a garin da babu wanda zai ce masa don me.

Harouna ya leƙo. "Lawban ta ce in babu aiki ka tashi mata daga kwali."

Isufu ya shiga ya ari biro. Tsakanin layi na ɗaya da na biyu ya rubuta da manyan baƙaƙe: ALHAJI MAIDAJI, OKTOBA – DISAMBA 1983. Matar ta sa tabarau ta duba, ta nuna wurin ta ce, "Meyo," wato babu fili, sai an matse sauran.

"A matse su," in ji Isufu. "Amma ta dakata, kar ta taɓa tukuna."

Ya sake kiran ƙaninsa, domin ba ya son sai ya buɗe kwali sannan ya sani.

"Na sa sunan, Abdul. Shida ne."

"Ba ka kira shi ba?"

"Na kira. Ya ce a cire."

"To, Yaya, kai wa kake wa aiki?"

Isufu ya dubi layin da ya ƙara a takardar.

"Ba zan kafa shi ba," in ji Abdulrasheed. "A Kano ma ana sassaƙa tagulla. Kuma ranar buɗe ofis ka yi zamanka, kar ka wahalar da kanka."

"To. Allah ya sanya alheri."

Harouna ya ji komai. Ya girgiza kai. "Ka ɓata da ɗan'uwanka a kan allon da za a jefa sito. Mi ka samu?"

"Ban samu kome ba. In za a cire, su cire da hannunsu."

"Kuma asibitin?"

"Shi ne ban sani ba," in ji Isufu. Ya juya ga matar ya ɗaga mata kai. Ta ɗauki takardar ta shige ciki.

Ranar Laraba ya karɓo allon. Ya fi yadda ya zata nauyi. Sunayen sun matsu kamar fasinjoji a bayan tasi, na Maidaji shi ne na biyu, kuma layinsa ya fi kowanne tsawo saboda watannin da aka rubuta. Ya naɗe shi da tsohuwar jarida ya cusa tsakanin kwalayen takalman makaranta. Mai lodi ya miƙo masa alƙalami don ya rubuta sunan wanda zai karɓa. Ya daɗe a tsaye, rana na dukan ƙeyarsa. Ofishin ba ya so, tsohon ba zai gani ba. Daga ƙarshe ya rubuta nasa sunan, ya koma inuwa ya zauna yana jiran a rufe kwantenar.