Gwaggo Ba Ta Tashi Sai da Auta

A shagon Baba, ba agogo ke faɗin lokacin fara aiki ba, kwamfuta ce. Tsohuwar laftof ce baƙa mai nauyin dutsen guga, an ɗaure murfinta da salatif, wasu haruffan sun goge saboda shekaru. Baba ya raɗa mata suna Gwaggo, don sai ta ga dama take tashi, kuma ba a yi mata faɗa. Sana'arsu yanka sitika da rubutun allunan shaguna. Injin yankan ma tsoho ne, ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ita. Ranar da Gwaggo ta ƙi tashi, shagon ya tashi ke nan.

Wani lokaci ana taɓa ta sai ta kama. Wani lokacin fitilarta ta yi ƙifta, fankar cikinta ta ɗan yi gurnani, sai shiru, fuska baƙi ƙirin. Baba ya cire batir ya mayar, ya sauya caja, ya danne maɓallin har yatsa ya yi tsami, ya kifa ta a gaban fanka, ya yi mata bismilla. Idan duk ta ƙi, sai ya leƙa baya ya kira ƙaramar 'yarsa.

"Auta, zo ki gaishe da gwaggonki."

Auta za ta zo, ta dafa tafin hannunta na hagu a gefen laftof ɗin, ta danna da dama. Sau da yawa nan take fuskar za ta yi haske. Baba ya yi ta dariya yana gaya wa masu kawo aiki cewa injin ma ya san jininsa.

Da farko ita ma dariya take yi. Yanzu kuwa abin ya zame mata igiya a ƙafa. Yayyenta duk sun watse, kowa da garinsa. Tun rasuwar mahaifiyarsu, daga ita sai Baba a gidan da ke bayan shagon. Ta gama karatun jinya da daɗewa, takardunta na kwance a ƙasan akwati, ita kuma tana ɓare sitika da farce. Ko biki ba ta iya kwana a wani wuri, kafin ta karya kumallo waya ta shigo: Gwaggo ta ƙi. Tana son mahaifinta, wannan ba a magana. Amma akwai safiyar da take kallon ƙofar shagon ta ji kamar bangon yana matsowa.

Sai ga aiki ya samu a wani asibiti a gari mai nisa. An ce ta bayyana ranar Litinin da safe, in ba haka ba a ba na bayanta. Da ta gaya wa Baba, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya dubi teburin.

"To ita wannan fa? Hannunki kaɗai ta sani."

Bai ce kada ta tafi ba. Da ya ce ɗin ma da ya fi mata sauƙi, don da ta samu abin da za ta yi gardama da shi.

Ta kinkimi Gwaggo sai layin masu gyara, wurin wani mai gilashi da teburinsa ya cika da gawarwakin kwamfutoci. Abin haushi, yana dannawa ta kama. Ya kashe ya kunna, ta kama. Kamar yaron da ya kwana yana zazzaɓi, ana isa ƙofar likita ya fara neman wasa.

"Malama, ni dai ban ga ciwo ba," in ji shi. "Abin da bai lalace a gabana ba, me zan gyara?"

Ta koma washegari, nan ma ta kama. A zuwa na gaba ta ja benci ta zauna, ta ce ba inda za ta sai Gwaggo ta ƙi tashi. Can da hantsi Allah ya taimake ta, Gwaggo ta nuna halinta. Mai gyara ya gyara zaman gilashinsa ya ce ta nuna masa yadda take tada ta a gida. Ta dafa hagu, ta danna da dama, haske ya kawo.

"Sake, amma ki ɗauke wancan hannun."

Ta sake. Baƙi ƙirin.

Ya kifa ta, ya kwance murfin ƙasa, ya nuna mata wani siririn allo kore. Ram sunansa, in ji shi, kuma idan bai zauna daidai ba kwamfuta ba ta tashi. Maƙalinsa ya saki, ƙura ta shiga. Duk sanda ta dafa gefen nan, nauyin hannunta ne ke mayar da shi mazauninsa. Ya goge bakin allon da abin goge fensir, ya hure ramin, ya danna shi har ya ce ƙas, ya tokare shi. Ya kira mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya kunna, ta kama. Wani mai wucewa ma ya gwada, ta kama.

Ashe shekarun nan duka wani ɗan ƙarfe ne ya riƙe Auta a gida. A hanyar gida ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Ta yi wa Baba bayani dalla-dalla. Ya kunna da kansa, ta kama. Ya sake, ta kama. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya koma kan aikinsa. Ranar bai yi wa kowa ba'a ba, abincinsa ma rabi ya ci.

Ranar Lahadi da safe ta fito da jakarta ta ajiye a bakin ƙofar shagon. Mota ɗaya ce ke zuwa garin a yini, kuma ba ta jiran kowa. Ta riga ta jera masa magungunansa a kan shiryayye, ta roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙo shi. Baba na zaune a gaban teburin, sanye da rigar da yake sawa in za shi unguwa.

"Tsaya in gwada ta a gabanki, hankalina ya kwanta," ya ce.

Ya buɗe murfin, ya ɗora yatsa a kan maɓallin. Shiru. Fitila ba ta ƙifta ba, fanka ba ta motsa ba. Auta ta matso da sauri. A nan ta gani. Yatsan yana kan maɓallin, amma bai danna ba. Ajiye shi kawai ya yi.

"Kin gani ko, Auta?" Bai ɗago ya dube ta ba. "Ta ƙi."

Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta dubi ƙeyarsa, furfurar da aski bai kai gare ta ba, da wuyan rigar da ya yi masa yawa. Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi. Kalma ɗaya za ta faɗa ta kama hanya, amma kalmar za ta bar shi a kunyace, shi kaɗai a shagon nan.

"Matsa in gani, Baba."

Ta dafa hagu, ta danna da dama. Haske ya cika fuskar.

"Alhamdulillahi," ya ce a hankali. "Sai dai ban san gobe ba."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Ta je bakin ƙofa ta jawo jakar ciki, wai don tana tare wa masu shigowa hanya.