Magudanar da Ta Nufi Ɗakin Gwaggo

Aikin farko da aka damƙa wa Ƙaramar Injiniya ita kaɗai magudanar ruwa ce mai tsawon mita ɗari biyu, kuma a layin gwaggonta. Duk damina sai ruwa ya shiga ɗakin Gwaggo ya kwashe mata tabarmi da takalma. A gaban 'yan layi Ƙaramar Injiniya ta yi mata alkawari cewa bana ko ɗigo ba zai tsallaka dokin ƙofarta ba.

Ana gobe za a zuba kankare ta je duba ramin da aka haƙa. Gwaggo ta fito da bokitin ruwan wanki, wai za ta sa wa aikin 'yar ɗan'uwanta albarka, ta sheƙa shi ciki. Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya juyo a hankali ya biyo Gwaggo har bakin ƙofarta.

"Ya san gida," in ji Gwaggo. "Ke, shekara nawa ma kika yi a jami'ar nan?"

Ƙaramar Injiniya ta koma ofis. Kwamfuta biyu ce a ofishin, tebur ɗaya tsakaninsu. Ta Baba Safiyo mai awon ƙasa tana da manhajarta, ta injiniyoyi tana da tata, kuma ba sa ga maciji da juna. Shekara goma da suka wuce an taɓa tura fayil daga wannan zuwa waccan ya ƙi buɗuwa, shi ke nan aka rufe maganar. Tun daga ranar Baba Safiyo ke buga lambobin awonsa a takarda, a miƙa wa Anti Sakatariya, ita kuma ta sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha biyu masu digiri suna kallon wannan kullum, suna kurɓar shayi.

Ƙaramar Injiniya ta jera takardar Baba kusa da abin da Anti ta shigar. Duk lambar da ke bayan ɗigo, wato santimitocin tsayin ƙasa, Anti ta zubar da ita. Da aka tambaye ta, ko gezau. Ta ce ƙananan lambobin nan cika mata layi suke yi, shafi ya yi muni, kuma ba ta taɓa jin an kai wani kotu kan santimita ba. Shi ya sa a kwamfuta layin ya fito a shimfiɗe kamar faranti, alhali ƙasar ta karkato wajen Gwaggo da kusan rabin mita. Masu haƙa kuwa daga saman ƙasa suka riƙa auna zurfi.

Ƙaramar Injiniya ta kai maganar wurin Oga, shugaban ofishin, ya saurare ta yana juya cokali a kofi. Ya ce haka suka saba aiki tun tana firamare, kuma rami an riga an haƙa. A ganinsa mafi sauƙi a toshe ƙofar Gwaggo a fasa mata wata ta baya.

"Yallaɓai, bayan ɗakin nan bangon maƙwabci ne."

"To, a yi magana da maƙwabcin."

Ta fita daga wurin Oga. Ta je ta durƙusa wa Baba Safiyo, ta kira shi babanta har sau uku, kafin ya matsa mata kujera. A manhajarsa akwai wani maɓalli na ajiye awo ta yadda kowace kwamfuta za ta karanta. Baba ya ce ya daɗe yana ganinsa, amma bai san halinsa ba, shi kuwa ba ya taɓa abin da bai sani ba. Ta danna. Cikin minti uku layin Gwaggo ya bayyana a ɗaya kwamfutar da duk tudunsa da kwarinsa. Anti ta yi tsaki, ta tambayi me ake so ta riƙa yi ranar Talata yanzu, tunda ranar ce take shigar da lambobin.

Kwana huɗu aka yi ana gyara ramin, leburori na harararta, ita kuma tana tsaye kansu da sabon zane. Da ruwan farko ya sauka wata rana da la'asar, wayarta ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta ce ɗakinta a bushe yake ƙayau, amma ta ɗora duk kayanta kan gado tun safe saboda ba ta yarda da ita ba, don haka ta zo ta taya ta saukewa.