Ƙarar da ke Cikin Sabon Mashin

Shekara ashirin da huɗu ina gyaran mashin a bakin kasuwar Rabah, kuma abin da na fi tinƙaho da shi kunnena ne. Mashin na shigowa daga kwana nakan faɗi ciwonsa tun mai shi bai sauka ba. Amma ran da Abdulgafar ya zo da nasa, wallahi kunnen nan ya so ya kunyata ni.

Hantsi ne. Mashin sabo fil, ko ledar kujera ba a yage ba. Abdulgafar manomin albasa ne daga wani ƙauye bayan Gandi, ɗaya daga cikin waɗanda 'yan bindiga suka kora suka dawo Rabah da zama. Kowa a garin ya san an ɗauke ƙanwarsa Husainatu kwana talatin da suka wuce, ran da ta koma ƙauyen ɗebo geron da suka bari. Kowa kuma ya san abin ƙarshe da ɓarayin suka nema: sabon mashin, a kai musu daji kafin la'asar ta wannan rana.

"Baba Sa'adu, ka cece ni," in ji shi. "Jiya munka ɗauko shi daga Sakkwato cikin mota, lahiya lau. Yau da sahe na tada shi, ina sakin kuloci sai ƙwas! Awa an buga guduma."

"Mi sunka ce maka game da shi?"

"Sun ce sabo, wanda ba a taɓa ba. In sunka ji wani motsi ko sunka ga alamar sifana bisa noti, sun ce in ɗauka na yi masu wasa da hankali. Ba su faɗi sauran ba."

Ba sai sun faɗa ba. Na dube shi, na dubi rana. Daga Rabah zuwa inda suka ce masa, in bai tashi da azahar ba, ba zai isa ba.

Muna cikin haka mahaifiyarsa, Inna Kyauta, ta iso a ƙafa, tana haki. Ta yi sallama. Ta samu gefen benci ta zauna, ta ƙura wa mashin ido, hannunta ɗaya na riƙe da bakin zanenta.

Na hau, na tada, na matse kuloci na sa giya ɗaya. Ya yi ɗan ƙas ɗin da kowane sabon mashin ke yi, don farantan kuloci kan manne da juna in mai ya kwana da sanyi. Wannan ba ciwo ba ne. Har na fara jin daɗi, na ce a raina yaron nan tsoro ne ya sa shi jin abin da babu. Sai na saki kuloci, taya ta motsa.

Ƙwas!

Na ji shi har cikin ƙashin ƙafata. Na yi gaba kaɗan, shiru. Na sassauta mai, na sake murɗawa, ƙwas!

Na fara da abin da ba ya barin tabo. Wayar kuloci ta ɗan yi sako-sako, na ɗaure ta da yatsa. Na gwada, yana nan. Na bi notocin da ke riƙe da inji ɗaya bayan ɗaya, na lulluɓe bakin sifana da tsumma don kada ya ci fenti. Duk a ɗaure suke tam. Na ɗaga mashin bisa ƙafarsa ta tsakiya, na bar shi cikin giya, na kama tayar baya ina kai ta gaba ina dawo da ita, don in ji ko robobin da ke cikin cibiyarta sun yi wasa. Ba su yi ba. Sababbi ne, me zai sa su yi?

"Kuloci na, Baba," in ji Abdulgafar. "Ka buɗe shi kawai."

"Kai ka koya man aikina? In na kwance murhin wanga inji, ko makaho ya shafa ya san an taɓa."

"To mi za mu yi? Lokaci na tahiya!"

"Ka yi man shiru in ji."

Na yi masa tsawa ne don ni ma tsoron nake ji. Gaskiyar magana, hannuna ya riga ya kai ga sifanar da ke kwance murfin. Zufa na zuba a idona. Na san yarinyar nan tun tana rako yayanta kasuwa, yau ga ranta a tsakanin yatsuna, ni kuwa na tsaya kamar wanda bai taɓa ganin mashin ba.

Na ajiye sifanar, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na tada inji yana tsaye, babu giya, na murɗa mai sama da ƙasa, na matse kuloci na saki har sau goma. Tsit, sai kukan inji mai daɗi. To in ciwon na cikin kuloci ne, ai da ya ɗan yi ƙorafi. Na kashe inji, na sauke mashin ƙasa, na ce wa Abdulgafar ya tura shi a hankali, ni kuwa na bi shi a tsugune, kunnena kusa da taya. Taku biyar, shida, sai wani ɗan ƙaf, can ƙasa-ƙasa. Daga cikin kwanon da ke rufe sarƙa ya fito.

Irin wannan mashin sarƙarsa a rufe take ruf, sai wata 'yar ƙofa zagayayya mai murfin roba, inda ake leƙawa a ga ko ta yi sako-sako. Na kai hannu zan cire murfin, sai na ga a karkace yake, gefe ɗaya bai shiga ba. Kuma a jikinsa akwai shatin yatsa na toka. Masu haɗa mashin a Sakkwato baƙin mai ke hannunsu. Toka ta murhu ce.

Na ɗaga kai. Inna Kyauta ta riga ta miƙe tsaye.

"Sa'adu," ta ce, "bar wurin nan."

"Inna, mi ke ciki?"

"Ba abin da ya shahe ka. Ka gyara wani wuri."

Na cire murfin, na lanƙwasa 'yar waya na zura. Sau uku tana kuɓuce mini, kafin na jawo shi waje. Ɗan ƙaramin kwaɗon kulle akwati ne, a kulle, an naɗe shi da jar fata da baƙin zare. Sarƙa ta riga ta cinye rabin fatar, ƙarfen ya fito yana sheƙi. Duk lokacin da sarƙa ta miƙe sai ta ɗauke shi ta maka da jikin kwano.

Abdulgafar ya dafe kai. "Inna! Ke kinka sa wanga?"

"Ni na sa. Da asuba, kana masallaci." Ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Malam ya yi aiki kansa kwana bakwai. Ya ce in ya shiga wurinsu, hannunsu ya kulle, bakin bindigarsu ya kulle, ba mai iya taɓa ɗiyata. Ku kun sai da shanu, kun sai da albasa. Ni mi gare ni? Wanga kaɗai na iya."

"Kashe ta za ki yi!"

"Kai, rufe man baki," na ce masa. "Uwarka ta."

Na juya gare ta, na rage murya. Tausayinta ya kama ni har na rasa ta inda zan fara.

"Inna, mutanen nan tsoron abu guda su kai: a ɓoye na'urar da soja ka bin sawunsu da ita. In sunka ishe ƙarhe naɗe cikin hwata, ba su tsayawa tambayar ko laya ta."

"To ka sa shi ƙarƙashin kujera, inda ba shi ƙara."

"Ko'ina na sa shi, ɗaya na."

Ta miƙo hannu, tana roƙona da ido. Na san in na ba ta shi yanzu, kafin mu juya ta cusa shi cikin aljihun ɗanta. Sai na jefa shi cikin akwatin kayan aikina, na rufe, na zauna a kai. Kallon da ta yi mini, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Na goge murfin robar, na mai da shi daidai. Abdulgafar ya hau, ya saki kuloci, mashin ya tafi sumul. Ana kiran azahar ya ɗauki hanyar Gandi.

Inna ba ta tafi gida ba. Ta koma kan benci. Na sayo mata ruwa, ba ta sha ba. Aka kawo mini mashin uku, na ce su dawo gobe. La'asar ta yi, ta wuce. Sau ɗaya kawai ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"In ba ta dawo ba, kai ka cire."

Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Rana ta yi ja lokacin da wata tsohuwar motar kasuwa ta tsaya a gabanmu. Abdulgafar ya fara sauka, babu takalmi. Ya juya ya tallabo wata mace da na kasa ganewa, ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Inna ta yi wani irin kuka, ta rungume ta, suka zube ƙasa tare.

Da aka ɗan natsa, na ja Abdulgafar gefe, amma ba nesa yadda na so ba.

"Sun duba shi?"

"Kahin su ko dube ni. Sun yage kujera, sun cire hitila, sun leƙa tanki." Ya waiga ya dubi ƙanwarsa. "Wani ya sa wuƙa ya ɓalle kwanon sarƙa gaba ɗai, ya girgiza shi. Husainatu na durƙushe, da bindiga bisa kanta, har ya gama."

Inna ta ji. Na ga hannunta ya tsaya cak a bayan 'yarta. Ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta zo gabana, ta kwance ƙullin bakin zanenta. Ɗan makulli ne a ciki.

"Malam ya ce in ta dawo in buɗe," ta ce.

Na ɗauko kwaɗon na ba ta. Ta zura makullin, ya ƙi juyawa. Sarƙa ta riga ta lanƙwasa shi. Ta gwada, ta sake gwadawa, hawaye na ɗiga a kansa. Can sai ta ajiye shi a kan maƙerata, ta ja da baya.

"Sa'adu," ta ce, "ɗauko guduma."