Jinin Waye a Na'urata?

Ranar Alhamis ce Mai ɗinki ta mai da ni maƙaryaciya. Ba ta faɗa da baki ba, amma da ta faɗa ma ya fi min sauƙi a kan irin kallon da ta yi min ta saman tabarau.

Mu goma sha biyu ne masu ciwon suga da muke haɗuwa a asibitin unguwarmu, a ɗakin ƙarshe, inda suke jibge karyayyun kujeru da tsohon sikeli. Nas ce ta haɗa mu bibbiyu, kowace da abokiyar awonta. Da safe in kin idar da salla, kafin ki sa komai a baki, ki huda yatsa, ki ɗiga jini a kan tsinken awo, na'ura ta ba ki lamba. Ki rubuta a littafi, ki kira abokiyarki ki faɗa mata. Ranar Alhamis a yi musaya, ta duba na'urarki da littafinki, ki duba nata, don na'urar tana riƙe duk awon da aka yi da ita, har da rana da lokaci. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma lamba dai ina rubuta ta tsaf. Shekara biyu muna tare da Mai ɗinki, ko sau ɗaya ba mu taɓa sa-in-sa ba.

"Maman Malama," in ji ta, tana danna na'urata da babban yatsa, "wannan ɗari uku da tamanin ɗin, ina kika kai ta? Ban gan ta a littafi ba."

"Wace ɗari uku?"

"Ga ta nan. Litinin. Ga wata ranar Laraba, ɗari uku da sittin. Ga ta Litinin ɗin nan kuma, ɗari huɗu har da ɗaya. Duk wajen biyu da rabi na rana."

"Ni ba na awo da rana. Tsinken araha yake?"

Ta matso da kujerarta, ta rage murya. "Haba, ni ce fa. Ni ma na taɓa yi. Na shanye lemon kwalba biyu a shago, na auna, na ga abin da na gani, na rufe littafi na tura ƙarƙashin yadi. Ba kunya tsakaninmu. Me kika ci?"

"Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah. Rabona da lemo tun kina da haƙoran nan na gefe."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu ta kira Nas. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ban taɓa kai ƙararta ba, alhali na sha ganin burbushin biskit a bakin jakarta.

Nas ta duba, ta dube ni. Ta huda ni nan take, ɗari da talatin. Ta ce, "Mama, in lambobin nan naki ne, allura za mu fara miki. In kuma ba naki ba ne, to akwai wanda yake yawo da wannan jinin a jikinsa. Irin wannan mutum yana tafe lafiya lau, rana ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, wani ba ya tashi. Ki nemo min shi. Kar ya ƙara kwana biyu a gida."

Fushina ya bi iska. Ban san yadda na tsallaka titi ba. Sai a hanya na tuna kwalbar tsinkena ta ƙare da wuri wancan watan, har na je na yi wa mai kemis tas, na ce ya rage min. Astagfirullah. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa ban saurare shi ba.

Mu uku ne a gidan. Manyan yarana biyu sun yi aure suna nesa. Sai ni, sai Baban yara, sai autata da muke ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare. Na'urar kuwa a cikin gwangwanin biskit take zama, a saman durowar ɗakina. Litinin da Laraba ina zuwa karatun mata a masallaci, daga azahar sai dab da magariba. Wanda ya yi aikin nan ya san ranakun da ba na nan. Biyu da rabi kuwa, wa ke gida? Baban yara. Lokacin yake rufe shagon kafinta ya zo cin abinci.

Na ce ai kuwa. Mutumin da cokali uku yake zuba wa shayi, yana kallona yana juyawa da ƙarfi don in ji ƙarar cokalin. Mutumin da yake ce wa ƙungiyarmu taron masu huda yatsa.

Da yamma na zuba masa ido. Ya sha ruwa kofi ɗaya, na ƙirga. Ya ƙara, na ƙirga. Da zai yi alwala na karɓi butar na ce zan zuba masa, don in ga yatsunsa. To ina! Hannun kafinta ne, duk sartse da yankan zarto, ko da wuƙa ya huda ba za ki gane ba.

"Yau kuma wace gara na samu?" in ji shi. "Shekara talatin ba ki taɓa riƙe min buta ba. Me kika fasa?"

"Lada nake nema."

"Allah ya ba ki. Amma ki daina leƙa min hannu kamar mai duba."

Da safe ban bari ya kai shayin bakinsa ba. Na ajiye gwangwanin a gabansa, na janye kofin.

"Malam, miƙo yatsa."

"Na me?"

"Ka fi ni sani. Ka iya yi a ɓoye, yanzu sai ka yi a gabana."

Ya rantse bai taɓa buɗe gwangwanin ba, ya ce shi in da biskit a ciki ne ma da sauƙi. Na ce to in ba ka da abin ɓoyewa, miƙo. Mutumin da ke wuni da guduma da ƙusa, sai ga shi ya runtse ido yana salati a kan 'yar allurar da ba ta kai ƙayar kifi ba. Har ƙafa ya ɗaga. Daga nan jikina ya fara ba ni ba shi ba ne, wanda ya huda kansa sau uku ba ya irin wannan rakin.

Casa'in da biyu.

"Nawa? Ƙara faɗa in ji!" Ya jawo shayinsa ya ƙara cokali guda. "Ki rubuta a littafin naki, ki kai wa ƙawayenki su gani. Jinin maza ke nan."

Ni kuwa idona na kan na'urar. A ƙasan lambarsa ta rubuta lokacin da aka yi awon, biyar da rabi. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, ƙarfe bakwai daidai. Na sake duba na'ura, na sake duba bango. Ashe agogon na'urar baya yake da awa ɗaya da rabi, tun ranar da aka canja mata batir ba wanda ya gyara shi. Ni lamba kawai nake dubawa, ina ruwana da agogonta. To in ta ce biyu da rabi, ƙarfe huɗu ke nan. Ƙarfe huɗu Baban yara ya daɗe da komawa shago. Malama kuwa uku da rabi take shigowa daga makaranta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai komai ya dawo min. Gorar ruwan da take cikawa sau biyu kafin ta fita. Barcin da take zubewa ta yi ko takalmi ba ta cire ba, ina ce mata raguwa. Tururuwan da na yi ta wankewa a banɗaki ina zagin mai gidan haya. Maƙwabta suna cewa kai, Malama ta yi kyau, ta rage jiki, ni kuma ina washe baki. Ni da na san alamun ciwon nan kamar tafin hannuna. Ban gani ba don ban so in gani ba, yarinya 'yar ashirin da huɗu.

Na ɗauki gwangwanin na shiga ɗakinta. Tana tsaye tana goge mayafi, littattafan yara a ɗaure a kan gado. Na tura ƙofa na jingina da ita. Ta dubi gwangwanin, ta ci gaba da guga.

"Umma, zan makara."

"Kin ci wani abu?"

"A'a."

"Madalla. Ba ni hannunki."

"Umma, yau ni ke da taron safe, shugaban makaranta ba ya..."

"Na hagun."

Ta ajiye dutsen guga a kan mayafin, sai da na ɗauke shi da kaina. Na juya hannun. A gefen ƙaramin yatsa, ga su nan, ɗigo uku baƙaƙe. Ta ma san a gefe ake yi, ba a tsakiya ba. A wurina ta koya, tana kallo.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu nake jin jikina ba daidai ba."

"Wata biyu! Muna cin abinci kwano ɗaya? Ni mayya ce da za ki ɓoye min? Kin ga ɗari huɗu da idonki, kika mayar da gwangwani kika je kika kwanta?"

"Na daina shan zaƙi. Na ce ko zai sauka da kansa."

"Ya sauka?"

Ta girgiza kai, hawaye suka zubo. "Umma, kullum da asuba ina jin ki a kan sallaya. Kina cewa ya Allah ka tsayar da shi a kaina, kar ya taɓa min 'ya'ya. Kina kuka. Da wane baki zan zo in ce miki ga shi ya taɓa?"

Ban taɓa sanin muryata tana ratsa bangon nan ba. Amma ba lokacin zama a yi kuka ba ne. Na ce, "Ni roƙo na yi, ba umarni na ba Shi ba. Abin da Ya ba mu mun karɓa, kuma Shi ya saukar da magani. Miƙo."

Ɗari uku da goma sha biyu, ciki ba komai.

Na buɗe ƙofa na ce, "Malam, ajiye shayin nan ka nemo mota." Ya fara wata tsokanar, ya ga fuskar 'yarsa, ya ga na'ura a hannuna. Da silifas ɗin banɗaki ya fita.

Nas ba ta bar mu mun bi layi ba. Suka gwada fitsari, suka ɗebi jini, likita ya zo ya ce a ba ta gado. Aka ɗaura mata ruwa, aka fara allura. Nas ta ja ni gefe ta ce da an ƙara mako guda, da a sume za a kawo ta. Na samu benci na zauna.

Da hantsi sai ga Mai ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya, ko cire shi ba ta yi ba. Ta zauna kusa da ni.

"Maman Malama, ki yafe ni. Na zarge ki."

"Da ba ki zarge ni ba fa? Ai da kin rufa min asiri, da kin kashe min 'ya."

"Sau biyu ta kawo min siket in rage mata ƙugu. Har yaba ta na yi, na ce ta ba ni sirrin. Ni da suga shekara tara!"

Kwana uku ta yi aka sallame mu. Babanta ya sayo mata na'urarta, sabuwa fil. Na ce to shi ke nan, kullum da safe ki kawo min in gani kafin ki fita, littafin ma ni zan riƙe.

"A'a, Umma."

"A'a me?"

"In ke ce, ranar da lambar ta hau zan ɓoye miki. Na san kaina, kuma na san ki. Za ki hana ni fita, ki hana kanki cin abinci, ki bi ni da kofi kina ƙirga ruwa kamar yadda kika yi wa Baba. A haɗa ni da wata."

Na so in ce ni na haife ki. Sai na tuna ni ɗin da na haife ta ce ta ɓoye wa wata biyu. Na haɗiye. Ranar Alhamis ta bi ni ɗakin ƙarshe, ta zauna a cikin tsofaffi kamar an kawo ta hukunci. Nas ta tambaye ta wa take so. Ta nuna Mai ɗinki. Mai ɗinki ta ce ta karɓa, za ta riƙe mu mu biyu, amma da sharaɗi, ba ta kai maganar uwa wurin 'ya, ba ta kai ta 'ya wurin uwa.

Yanzu in na idar da salla ina jin ƙarar 'yar allurar ta bango, ƙyas. Sai shiru. Sai in ji tana magana ƙasa-ƙasa a waya. Na sha kasa kunne, ba na jin lambar. In ta gama sai in kira Mai ɗinki in faɗi tawa.

"Ɗari da goma sha takwas. Ita fa?"

"Ita wa?"

"Kar ki raina min hankali da sassafe."

"Lambar ba taki ba ce, Maman Malama. Ranar da ta kai a gaya miki, da ƙafata zan zo, ba a waya ba."

"To ba ta ɓoye miki dai ko? Kina duba na'urar da kyau? Har da agogon?"

"Ni da na kama uwarta?"

Ban gama yarda da su ba, su biyun. Amma jiya Malama ta cinye abincinta tas, ta zauna ta duba littattafan yara har la'asar ba ta yi gyangyaɗi ba, kuma gorar ruwan da rabinta ta dawo. Wannan kam da idona na gani.