Kabari Ɗaya a Takardar Banki

Nermin ba ta yarda da banki ba, ba ta kuma yarda da mijinta Rasim a kan kuɗi ba. Shi ya sa duk ƙarshen wata take ɗora tabarau ta bi takardar asusunsu layi-layi. Kuɗin ruwa ta san shi, harajin gidansu na nan birnin Bursa ma ta san shi. Wannan karon kuwa sai ga wani abu ya lashe rabin fansho, da sunan ƙaramar hukumar garin su Rasim, can cikin duwatsu, inda ko akurkin kaza ba su da shi.

Ranta ya yi mummunan ɓaci. Ta figi gyale sai banki, ta dangwara wa ma'aikaciyar takardar.

"'Yar nan, wane ɓarawo ne ya shigar mana asusu?"

"Inna, ba sata ba ce. Da katin maigidanki aka biya. Ga lambar rasit, kira hukumar su gaya miki na mene ne."

Tun a bakin titi ta kira. Aka yi ta jifa da ita daga ofis zuwa ofis har ta faɗa hannun mai kula da maƙabarta.

"Haka ne, Inna. Wurin kabari ya saya, jikin na mahaifiyarsa."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Da ta koma gida ta tarar da Rasim a baranda yana kurɓar shayi hankali kwance, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan.

"Ɗaya, Rasim? Shekara arba'in ina wanke maka safa, ina jure minsharinka, ashe shirin gudu kake yi? Ni kuma a jefa ni ina, bola?"

Ya ajiye kofi a hankali. "Ke fa kika rantse. Kika ce ko gawarki ba za ta koma garin nan ba."

Gaskiya ne, ta rantse. Tana amarya surukarta ta ɗora mata kwandon itace a baya, ta sa ta hawan dutse da tsohon ciki, matan gari na dariyar 'yar birni. Cikin bai tsaya ba. Tun ranar ba ta sake taka garin ba.

"Sai ka tambaye ni! Bakinka ciwo yake yi?"

"Tsoro na ji," in ji shi. "Kar ki ce a'a in ji da kunnena."

Nermin ta harare shi. Ta sake danna lambar.

"Malam, ni ce dai. Wurin da ke jikin nasa fa?"

"Ai katanga ce, Inna. Saura ɗaya tak, ta ɗaya gefen tsohuwar."

Wato matar nan za ta kwanta a tsakaninsu har tashin ƙiyama. Nermin ta ji kamar ta maka wayar da ƙasa. Ta dubi Rasim, ta ga yadda rigar ta yi masa yawa a bana, yadda wuyansa ya zama siriri.

"Rubuta sunana," ta ce. Ta juya kan mijinta. "Kai kuma miƙo katin, tsohon banza. Ka bar murna, ba don kai na yi ba. Akwai maganar da ban gama da uwarka ba."

Rasim ya laluba aljihu. Sai da ta fizge walat ɗin ta ciro katin da kanta, don idonsa ya cika da ruwa, ba ya gani.