Sandunan Gaba na Keken Malam Bamalli

Shekara tara Malam Bamalli yana jigilar doya daga gonakin Garam zuwa kasuwar Suleja a kan tsohon mashin ɗinsa mai taya uku, irin mai shiga daji, mai akwatin kaya a baya. Tun shekarar farko ya faɗa wani rami, sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba suka lanƙwashe. Daga ranar mashin ya koma fizga hagu. Malam kuwa bai ga abin tada hankali ba, sai ya riƙa danne kan mashin zuwa dama, suna tafiya lafiya lau.

Ɗansa Nuraddeen, wanda ke aiki a Abuja, shi ne bai yarda ba. Da damina Malam ya zame ya kuje gwiwa, sai Nuraddeen ya zo ya kafa sharaɗi.

"Baba, ko dai mashin ne ko idonka ne. Zan sa a canza sandunan. In ka sake faɗuwa bayan nan, don Allah ka ba ni makullin."

Malam ya ce ya ji. Amma fa ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san in makullin ya tafi, zaman ƙofar gida ne ya same shi.

Ranar Asabar suka je garejin Onwuka a Bagama. Onwuka ya ɗaga gaban mashin ya ɗora kan kututture, ya cire taya, ya sassauta kusoshi, ya zare sandunan. Man da ya zubo daga ciki baƙi ƙirin. Ya mirgina ɗaya a kan wani tsohon gilashi, tana tafiya tana ɗingishi.

"Kai, Baba! Da wannan kake hawa titi?"

"Da ita na aurar da 'ya'ya uku," in ji Malam.

Aka zura sababbi, aka zuba mai, aka ɗaure. Onwuka ya hau ya zaga, har sakin hannu ya yi don burga, mashin na tafiya ɗoɗar.

Sai Malam ya hau. Ya yi bisimilla, ya ba da wuta. Ai kuwa ko taku ashirin bai yi ba hannunsa ya yi abin da ya saba, ya danne dama. Mashin ɗin da yanzu ba ya gardama ya bi umarni, sai ga su cikin kwata. Bai ji ciwo ba, wandonsa ne kawai ya jiƙe.

Onwuka ya iso da gudu. "Oga Nura, ba ido ba ne, wallahi. Hannu ne ya saba. Ka ba shi sati biyu."

Nuraddeen ya ce, "Sati biyu a hanyar tireloli?" Ya durƙusa gaban mahaifinsa, bai ɗago kai ba. "Baba, mun yi magana."

Malam ya dubi Onwuka. "A mayar min da tsofaffin mana."

Onwuka ya sosa ƙeya. Ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce ɗazu, Onwuka ya riga ya ba shi su.

Malam Bamalli ya zare makullin ya miƙa wa ɗansa. Nuraddeen ya ce ya shiga mota ya kai shi gida, Malam ya ce a'a, ƙafarsa ƙalau take. Suna tsaye suna kallonsa ya hau gefen titi, kafaɗarsa ta dama a sauke, kamar yadda take shekara tara.